A Rage Kiran Komai “Dirama”

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ɗan fili ne domin in yi magana a kan wata kalma guda da ta cika kanun labaran Hausa a 'yan shekarun nan, a jaridu da shafukan intanet da gidajen rediyo, har ta kai da wuya mako ya wuce mutum bai ci karo da ita ba. Kalmar ita ce “dirama”. Yau a ce an tafka dirama a kotu, gobe a ce an kwashi 'yar dirama a majalisa, jibi kuma a ce an sha dirama tsakanin amarya da uwargida a wajen biki. Ba don kalmar ta aro ce nake ƙorafi ba, domin Hausa ta daɗe tana aro, kuma duk abin da ta aro takan gyara shi ya zauna daidai da bakinta. Abin da ya dame ni shi ne hukuncin da kalmar take ɗauke da shi a cikinta, wanda nake ganin da yawa daga masu amfani da ita ba su auna nauyinsa ba kafin su ɗora ta a kan mutane.

Asalin kalmar daga Girkanci take, inda tushenta yake nufin yin aiki ko aikata abu, daga nan ta bi ta Latin ta shiga Turanci, mu kuma muka karɓe ta ta hanyar makarantun boko da rediyo da talabijin. Da yake Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai aka cusa wasalin “i” tsakanin “d” da “r”, kamar yadda aka yi wa direba da tirela da firamare, da yake kuma ta ƙare da wasalin “a”, sai ta faɗa jinsin mace. Shi ya sa ake rubuta “diramar” da “dirama ce”, mu kuma nan Zamfara a baki sai mu ce “dirama ta”. Ta fuskar nahawu dai kalmar ta zama 'yar gida, babu mai korar ta.

Lokacin da ta shigo, ma'anarta guda ce, wato wasan kwaikwayo, kuma ma'ana ce mai mutunci. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 za su tuna yadda kusan kowace makarantar kwana take da ƙungiyar dirama, inda ɗalibai kan ɗaura barguna a matsayin labule, wani ya zama alƙali, wani ya zama dogari, a koyar da tsabta ko illar auren dole a cikin raha. Mu mutanen Mafara ma muna da abin tinƙaho a wannan fage, domin littafin Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga a 1949, yana daga cikin wasannin kwaikwayo na farko da Bahaushe ya rubuta da hannunsa aka buga. Tun kafin boko kuwa muna da namu. Idan watan azumi ya kwana goma yara kan fito tashe, ka ga ɗan shekara takwas ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a bayan riga don ya yi doro, yana dogara sanda yana rawar jiki irin ta tsoho tukuf, matan gida suna dariya suna zuba masa gero a ƙwarya. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon zaman malamai suna juya karatu ya koma zancen tuwo da fura, akwai wasan gauta da matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, akwai kuma kalankuwa ta samarin ƙauye bayan kaka.

Abin lura a duk waɗannan wasanni shi ne akwai yarjejeniya tsakanin mai yi da mai kallo. Uwar da ta zuba wa yaron nan gero ta san gemun auduga ne, shi ma ya san ta sani, don haka babu wanda aka yaudara. To amma a ma'ana ta biyu da kalmar ta samu, wadda ita ce ta fi yawo a yau, an cire wannan yarjejeniya. Idan aka ce wance tana dirama, ana nufin tana nuna abin da babu shi a zuciyarta, ko tana kambama ɗan abin da ke akwai, kuma tana so mu ɗauka da gaske ne. Ashe ke nan duk wanda ya kira kukan wani ko fushinsa ko faɗuwarsa “dirama”, ya tuhume shi da ƙarya ne, ko da bai furta kalmar ƙarya ba. Wannan kusanci tsakanin wasa da yaudara ba a Hausa kaɗai yake ba, domin kalmar da Turawa suke kiran munafuki da ita ta samo asali ne daga sunan da Girkawa suke kiran ɗan wasan dandali. Tuhuma ce babba, amma da yake kalmar tana zuwa da ɗan murmushi a gefenta, mai faɗinta ba ya jin ya tuhumi kowa.

Kafin zuwan wannan baƙuwa, Bahaushe ba ya rasa abin da zai kira mai wuce gona da iri wajen nuna kai, kuma kalmominsa sun fi ta iya rarrabewa. Idan yarinya ta shigo taro tana karairaya, tana maƙale murya, tana tsoma baki a abin da ba a tambaye ta ba don a san ta iya, sai a ce iyayi ko feleƙe, kuma kowa ya san ba ƙarya take yi ba, neman a gan ta ne ya yi mata yawa. Idan ƙaya ta soki ƙato ya cika gida da ihu, sai a ce raki, kuma kalmar raki ta yarda cewa ƙayar ta soke shi, ƙorafinta kawai shi ne ihun ya fi ƙayar girma. Haka kwakwazo, abin ya faru da gaske, surutun da aka yi a kansa ne ya zarce misali. Burga kuwa ta wanda ke nuna ƙarfin da ba shi da shi ce, shagwaɓa ta yaro ce ko amarya mai neman a lallashe ta, ƙarin gishiri kuma a labari ake yin sa. Wadda ta fi burge ni a cikinsu ita ce borin kunya, domin ta tattara ilimin halayyar ɗan Adam mai yawa a kalma biyu: mutum ne aka kama dumu-dumu da laifi, maimakon ya sunkuyar da kai sai ya tashi da faɗa da rantse-rantse da barazanar kai ƙara, don hankali ya bar laifin ya koma kan hayaniyar. Shi ne abin da magabata suka ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. A fagen addini kuma muna da riya, wadda tushenta na Larabci yake da alaƙa da gani, shi ya sa muke cewa aikin ganin ido, kuma Suratul Ma'un ta ambaci masu yin ta a cikin waɗanda aka yi wa narko.

Duk wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi sai ya fara tsayawa ya tambayi kansa: shin mutumin nan yana da dalili ko ba shi da shi, mai laifi ne ko wanda aka cuta, ciwon nasa ƙarami ne ko babu shi ɗungurungum? Kalmar dirama ta sauke wa mai magana wannan aiki. Ta zuba mai raki da mai borin kunya da mai burga a buhu guda, kuma abin takaicin shi ne takan haɗa har da wanda ba ya cikinsu ko kaɗan, wato mai kukan gaskiya.

Ina ganin hanyar da ta bi ta mamaye kanun labaranmu ba ɓoyayyiya ba ce. Jaridun Turanci na ƙasar nan sun saba buɗe kanu da wannan kalma duk lokacin da aka yi wata hatsaniya a kotu ko majalisa ko filin jirgin sama, masu fassara kuwa, da yake aiki ya yi musu yawa kuma ana so labari ya fita da wuri, sai su ɗauko ta yadda take su ɗora mata “an tafka” ko “an kwashi”. Daga baya masu shafukan intanet suka lura cewa kanun da ya yi alkawarin abin kallo ya fi jan mutane su latsa, sai kalmar ta zama ƙugiyar kamun masu karatu. Ba na zargin kowa da mugun nufi a nan, amma sakamakon yana nan ko da nufi ko babu.

A ranar 18 ga Afrilu 2018 wasu mutane suka kutsa zauren Majalisar Dattawa ana tsakiyar zama, suka ɗauke sandar majalisa suka fice da ita, washegari 'yan sanda suka ce sun tsince ta a ƙarƙashin wata gada a Abuja. Mutane da yawa sun kira wannan dirama. Amma abin da ya faru shi ne an keta tsaron ɗaya daga cikin gine-ginen da suka fi kowane tsaro a ƙasar nan da rana tsaka, kuma tambayar da ta kamaci mai karatu ita ce wa ya buɗe musu ƙofa. Wanda aka gaya wa dirama aka yi kuwa dariya zai yi ya wuce. Haka nan a watan Yulin 2020, lokacin da shugaban riƙo na Hukumar Raya Yankin Neja Delta ya yanke jiki ya kife a kan tebur a gaban kwamitin Majalisar Wakilai da ke bincikar yadda aka kashe kuɗin hukumar. Ko sumar gaske ce ko ta ƙarya, likitan da ya duba shi ne kaɗai yake da bakin magana, abin da ɗan jarida ya gani da idonsa shi ne mutum ya faɗi kuma an dakatar da tambayoyi. Idan ya rubuta haka ya faɗi gaskiya, ya kuma bar wa mai karatu hankalinsa. Idan ya rubuta dirama, ya zama likita da alƙali a lokaci guda, sannan maganar kuɗin ta ɓace a bayan maganar sumar, wanda idan da gangan aka yi sumar, to abin da ake so ke nan. A nan jiharmu ma, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 24 ga Mayu 2019 cewa jam'iyyar APC ba ta gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani ba, ƙuri'unta suka tashi a banza, kujerun gwamna da na majalisu suka koma hannun PDP, na sha jin matasa suna kiran abin diramar siyasar Zamfara. Alhali hukunci ne mai dalili a rubuce, kuma darasin da ke cikinsa game da bin dokar zaɓe ya fi amfani ga ɗan siyasa mai tasowa fiye da nishaɗin da aka samu.

Waɗannan duka manya ne, suna da lauyoyi da masu magana da yawunsu, kalma ba za ta rage su da komai ba. Inda abin ya fi ci mini rai shi ne idan kalmar ta sauko kan talakan da ba shi da abin nunawa sai hawayensa. Mu a Zamfara mun shafe shekaru fiye da goma muna binne mutane saboda 'yan bindiga, kuma an sha ganin mutanen ƙauyuka, mafi yawansu mata da tsofaffi, sun fito sun tare babbar hanya suna kuka suna ɗora hannu a ka, domin sun gaji da kai ƙorafi inda ba a ji. Idan hoton irin wannan ya hau Facebook, ba a rasa wanda zai rubuta a ƙasa cewa dirama ce, 'yan adawa ne suka ɗauki nauyi. Ranar Juma'a 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandaren Jangebe da ke cikin ƙaramar hukumarmu ta Talata Mafara, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris. A cikin waɗannan kwanaki na ji da kunnena, a wata majalisar shan shayi, wani matashi yana cewa, “Ku bar batun nan, duk dirama ta, shiri na.” A kan bencin da ke kusa da shi kuwa akwai wani dattijo da jikar ƙanensa take cikin waɗanda aka tafi da su, yana riƙe da kofin shayin da bai kai baki ba tun da aka miƙa masa. Bai ce uffan ba, ya ajiye kofin, ya zura takalmansa ya tafi. Irin wannan magana aka yi ta yi a 2014 bayan sace 'yan matan Chibok, inda wasu suka dage cewa shirin siyasa ne, kuma duk wanda ya bi labarin ya san shakkun da aka shuka bai taimaki iyayen da komai ba. Mutum yana da damar ya tuhumi gwamnati ko jami'an tsaro ko masu sulhu, ya nemi a yi masa bayanin yadda aka yi aka sako yaran, wannan haƙƙinsa ne. Amma kalmar dirama ba ta tsayawa a kan waɗanda ake tuhuma, takan haɗa har da uwar da ke birgima a ƙofar makaranta ta mayar da ita 'yar wasa.

A asibiti ma kalmar ta samu wurin zama. Ina da 'yar ƙanwa mai ciwon sikila, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan lalura ya san yadda ciwon yake tashi: jini ne yake toshewa a ƙananan jijiyoyi, ƙashi ya ɗauki azaba, alhali a waje ba ka ganin rauni ko kumburi ko jini. Wani dare muka kai ta wani asibiti tana murƙususu, ta cije gefen mayafinta, gumi yana keto mata duk da sanyin hunturu. Ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta ɗago kai ta dube ta, ta ce, “Ke, daina mana dirama, ba ke kaɗai ce marar lafiya ba.” Ban ce ma'aikaciyar muguwa ce ba, wataƙila ita kaɗai ce a kan ɗaki cike da majinyata tun la'asar. Amma daga lokacin da ta furta kalmar, sai yarinyar ta koma ƙasan layi, domin an riga an yanke cewa abin da take nunawa ya fi abin da take ji. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan haihuwar yara masu sikila, saboda haka ba iyalinmu kaɗai ne suka taɓa jin wannan jimla ba. Ina kuma tsoron ranar da za a faɗa wa mai juna biyun da ta zo da ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, waɗanda alamu ne da kan riga jijjiga zuwa, domin ita wannan jinkirin sa'a guda kan iya cin rai biyu.

Dole ne kuma mu yarda cewa kalmar ta tarar da ƙasa a jiƙe. Al'adarmu tana girmama dauriya da kunya da kawaici, har akan yaba wa macen da ta haihu ba a ji muryarta ba, akan kuma ga baiken namijin da ya zubar da hawaye a gaban jama'a. Wannan tarbiyya tana da kyawunta, ni ma a cikinta na tashi, amma tana sa mu saurin zargin duk wanda ya kasa ɓoye abin da ke cin sa. Idan Edita ya lura, zai ga mata ne suka fi shan wannan kalma. Namiji ya daki tebur a taro a ce ransa ya ɓaci, mace ta ɗaga murya a kotu don an hana ta ganin 'ya'yanta a ce ta tafka dirama. Addini kuwa bai hana hawaye ba, abin da ya hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska a kan mamaci, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim.

Kada a fahimce ni da cewa babu masu kukan ƙarya. Suna nan da yawa, kuma wayar hannu ta ƙara musu kasuwa. Akwai mai kunna kyamara kafin ya fara hawaye a TikTok, akwai ɗan siyasar da ba ya miƙa buhun shinkafa ga 'yan gudun hijira sai masu ɗaukar hoto sun gama daidaita tsayuwarsu, akwai kuma waɗanda 'yan sanda kan kama sun ɓoye kansu sun ce an sace su don su karɓi kuɗin fansa daga danginsu. Sai dai ko a nan ɗin ma kalmar dirama ta yi musu sauƙi. Na farko neman suna yake, na biyu riya yake yi da yunwar mutane, na uku kuwa ɗan damfara ne da ya kamata ya gurfana a gaban alƙali, kuma kiran aikinsa dirama rage masa laifi ne. Ga shi dai kalmar tana yi wa mai gaskiya nauyi, tana yi wa mai laifi sauƙi.

Suratu Yusuf ta isa misali ga mai son ya ga yadda ake rarrabewa. A cikinta 'yan'uwan Annabi Yusuf suka zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, ɗauke da riga mai jinin ƙarya, wannan shi ne kukan shiri tsantsa. A cikinta kuma Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin da sai da idanunsa suka yi fari, kuma waɗanda suka yi masa faɗa cewa ba zai daina ambaton Yusuf ba har sai ya halaka, su ne dai 'ya'yan nan da suka yi kukan ƙarya a farko. Ba da ƙarfin kuka ko rauninsa aka gane mai gaskiya ba. Malaman tafsiri sun ce mahaifin ya lura rigar tana da jini amma ba ta yage ba, alhali an ce kyarkeci ne ya cinye mai ita, daga baya kuma da aka yi wa Yusuf ƙazafi a gidan Aziz, yagewar riga ta baya ce ta wanke shi. Hujja aka duba a duk wuraren biyu. Haka nan da Usama bin Zaid ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi furtawa, Manzon Allah ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne ya gani. Ɗan jaridar da ke rubuta kanu a ofis, wani lokaci ma daga bidiyon daƙiƙa talatin da aka turo masa ta WhatsApp, bai fi Usama kusa da zuciyar wanda yake magana a kansa ba.

Na san za a ce kanun labari wuri ne matsattse, kuma ana buƙatar gajeriyar kalma mai jan ido. Wannan uzuri ba zai tsaya ba, domin Hausa tana da hatsaniya da hayaniya da cacar baki da sa-in-sa da dambarwa da turka-turka da taƙaddama, dukkansu gajeru ne, kuma suna faɗin cewa an yi rikici ba tare da sun ce wani yana wasa ba. Mafi kyau ma shi ne a faɗi abin da ya faru kai tsaye. “Wanda ake tuhuma ya faɗi a kotu, an ɗage shari'a” bai fi “An tafka dirama a kotu” tsawo sosai ba, amma na farko ya ba ni labari, na biyu kuwa ya gaya mini yadda zan ji ne kafin in san abin da aka yi. Tun daga 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya ƙarƙashin Abubakar Imam, Hausar jarida ita ce ma'aunin da malamai da ɗalibai suke gwada tasu da ita, kuma na shaida a aji cewa abin da yaro ya gani a kanun labari shi yake kawowa a takardar insha'i. A shekaruna na ƙarshe kafin in yi ritaya, ɗaliban da suka san bambancin raki da kwakwazo sun ragu ƙwarai, amma babu wanda bai san dirama ba.

Roƙona ga wannan jarida shi ne a bar kalmar a inda ta dace, wato a labarin fim da wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin da dandali, inda masu sana'ar suke alfahari da ita. Idan wani ɗan siyasa ko lauya ne ya kira abin da abokin hamayyarsa ya yi dirama, a sa maganar a bakinsa tare da sunansa, ya ɗauki nauyin tuhumar da kansa. Idan bincike ya tabbatar cewa an shirya abu ne don yaudara, a kira shi ƙarya ko damfara, a kuma kawo hujjar. Amma a labarin da ya shafi wanda aka kashe wa ɗan'uwa, ko aka kora daga ƙauyensa, ko marar lafiya, ko macen da ke neman haƙƙinta a kotu, ina roƙon a cire ta gaba ɗaya daga kanu da cikin labari. Ina kuma fatan malaman Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su sa ɗalibansu su tattara yadda ake amfani da ita a jaridu da kafofin sada zumunta, a ga su wa aka fi jifa da ita, maza ko mata, manya ko talakawa, domin abin da na faɗa a nan lura ce ta mai karatu guda, kuma zan so in ga an gwada ta da ƙidaya.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya kuma kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Malamin Hausa mai ritaya,
Talata Mafara, Jihar Zamfara.